Ba Sai Kin Zo Kotu Ba, Inna

Shekara ashirin da shida Inna Tela ta yi tana ɗinki a shago guda, wani ɗan ɗaki mai ƙofar ƙarfe a bakin titi, wanda marigayi mijinta ya saya mata. Keke biyu ne a ciki, da teburin yanka, da wani benci da matan layin suka mayar wurin hira. Rannan sai ga sammaci. Ɗan mutumin da ya sayar musu da shagon ne ya kai ƙara, wai ubansa haya ya ba su, ba sayarwa ya yi ba.

Inna ko gezau. Tana da takardar ciniki, ga kuma lauya a hannu, ɗan aminiyarta. Ita ta ɗinka masa kayan makaranta tun yana yawo da majina. Da ya zama lauya ma, ita ta rage masa tsawon baƙar rigar nan tasu, don ta yi masa yawa.

Ta same shi a ofis, fayil-fayil jibge har bakin taga. Ta warware leda uku ta ciro takardar. Ya duba, ya yi dariya.

"Inna, wannan ai ba shari'a ba ce, wasan yara ne. Ki bar min takardar. Ba sai kin zo kotu ba, ki zauna kan kekenki."

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan."

Haka ta miƙa masa ta asalin, 'ya'yana, ko hotonta ba ta yi ba.

Wata ya bi wata. Duk sanda ta kira shi, amsa ɗaya ce: an ɗage. Yau alƙali ya tafi taro, gobe wancan ɓangaren ne bai zo ba. Babbar 'yarta ta fara tsarguwa.

"Inna, ki ce ya ba ki lambar shari'ar mana, mu leƙa kotun da kanmu."

"Ke, rufe min baki! Yaron da na goya zan tsare da tambaya kamar ɓarawo? Da wane ido zan dubi uwarsa?"

"To, Allah ya sa goyon ya yi rana."

Wata Talata da hantsi, Inna na tsakiyar sa aljihu a wandon wani ɗan makaranta, sai ga ma'aikatan kotu da takarda da sabon kwaɗo. Suka fito da kekunan suka ajiye bakin kwata. Zare ya warwatse a titi, matan benci suka yi cirko-cirko. Inna tana ta faɗin, "Ai an ɗage! Lauyana ya ce an ɗage!" Suka garƙame ƙofar da sabon kwaɗon.

A kotu, magatakarda ya buɗe fayil ya juyo mata da shi. Sau huɗu aka kira shari'ar, lauyanta bai zo ba ko sau ɗaya. Ba a taɓa gabatar da takardar cinikin ba. An yanke hukunci tun wata bakwai da suka wuce, an kai sanarwa ofishinsa, ga hatiminsa nan na shaidar karɓa. Wa'adin ɗaukaka ƙara ma ya shige.

Ashe lauyan ya samu aikin wani babban kamfani ne, ya tura fayilolin talakawa ƙarƙashin tebur. Takardar Inna kuwa, ya ce ta ɓata wajen sauya ofis. Sabon lauyan da suka ɗauka ya girgiza kai, ya ce in babu ita, babu abin riƙewa.

'Yar ce ta rubuta koke zuwa kwamitin ladabtar da lauyoyi. Inna ta kwana uku tana kuka kafin ta yarda ta sa hannu. Ranar zaman suka tarar ba su kaɗai ba ne. Ga wani direba, ga wata malamar makaranta, ga wani tsoho da sanda, kowa da "an ɗage" ɗinsa.

Shugaban kwamitin ya karanta hukunci: an same shi da sakaci da yaudarar waɗanda suka ba shi amana, an soke sunansa daga jerin lauyoyi, ba zai ƙara tsayawa gaban alƙali da sunan kowa ba.

Inna ta ɗaga hannu kamar 'yar aji.

"Ranka ya daɗe, to shagona fa?"

Mutumin ya cire tabarau, ya sunkuyar da kai. "Baba, wannan ba ya hannunmu. Mu lauyan kawai muke hukuntawa."

A bakin matakala korarren lauyan ya tare ta, ya durƙusa. "Inna, ki yafe min."

Ta dube shi ta ce, "Da na sani da ban rage maka rigar nan ba. Da na bar ta tana jan ƙasa, ta kayar da kai tun ranar farko, kafin ka kayar da mu."

Yanzu Inna a barandar 'yarta take ɗinki, da keke ɗaya, rana na dukanta. Shagon an mayar da shi wurin sayar da waya. Aminiyar tata kuwa ta daina gaishe ta, wai ta kashe wa ɗanta aiki. Ga shi nan, kunyar da ta ji ba ta tsare shagon ba, ba ta kuma tsare zumuncin ba.

Don haka ku ji ni da kyau. Ko ɗan cikinka ne lauyanka, ka riƙe kwafin takardunka, ka san lambar shari'arka, ka taka kotu da ƙafarka. In ka ga ha'inci ka kai ƙara da wuri, domin korar lauya ba ta dawo da abin da ya riga ya salwanta.