Saura Fitowa Ɗaya a Fim ɗin Jabiru

Jabiru ya sake ɗora guntun bidiyon nan a Facebook, ya liƙa lambar asusunsa a ƙasa, ya rubuta abin da ya saba rubutawa: a taimaka wa ɗalibai su ƙarasa fim ɗinsu.

Gajeren fim ne na soyayya da barkwanci, aikinsa na kammala karatun jarida. Saurayi ya tafi zance da babur na aro, takalmi na aro, har hula ta aro, sai masu kaya suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna karɓe abinsu a gaban budurwa. Suwaibatu ce budurwar, 'yar ajinsu daga Ƙanƙara. A bidiyon, lokacin da mai takalmi ya durƙusa yana zare abinsa daga ƙafar saurayi, dariya ta ƙwace mata ta gaske, ta toshe baki da gefen hijabi. Saura fitowa ɗaya a gama, wadda aka shirya ɗauka a wata gona ta hanyar Ruwan Godiya.

An riga an faɗa masa a waya: in kuɗin ba su cika ba kafin kasuwar Yankara mai zuwa, to ya manta da Suwaibatu.

Mutanen Faskari kuwa ba su raga masa ba. Wani ya rubuta cewa jama'a na kwana a makarantun firamare don gudun 'yan bindiga, shi kuma yana barar kuɗin soyayya. Wata ta ce ana ta kai wa yake ta kaya. Jabiru yakan karanta duka, ya fara rubuta amsa, ya goge. Abin yana cin ransa ƙwarai, amma godiya kawai yake turawa, har ga masu zagin.

'Yan ajinsu ne suka fi tausaya masa. Wannan ya turo kuɗin abincin ranarsa, waccan ta turo na motar komawa gida, kowa da sharaɗin a sa sunansa a ƙarshen fim. Ya yi musu alkawari, kunya kamar ta kashe shi.

Bilya, abokinsa da ya fito a matsayin saurayin, shi ne ya fara ganin abin ya wuce hankali. Jabiru ya rame, ba ya rabuwa da waya ko a banɗaki, in ta yi ƙara sai ya zabura ya koma bayan gida ya amsa da murya ƙasa-ƙasa. Da Bilya ya nemi jin labarin Suwaibatu, tunda lambarta ba ta shiga, sai ya ce mutanen gidansu sun ce tana wurin gwaggonta a Sabuwa. Ana nan kuma Jabiru ya sayar da kwamfutarsa.

"To da mi za ka haɗa fim ɗin?" in ji Bilya.

Jabiru ya ce Allah zai kawo hanya.

Abin da ya fi ɗaure wa unguwa kai shi ne zuwan Malam Harisu, mahaifin Suwaibatu. Wannan dattijo ne ya taɓa korar Jabiru daga ƙofar gidansa da sanda, yana cewa 'yarsa ba 'yar wasan kwaikwayo ba ce. Sai ga shi ya yi takanas tun daga Ƙanƙara, bayan ya sayar da shanun huɗarsa ana tsakiyar damina. Suka keɓe a zaure. Masu leƙe ba su ji komai ba sai tambaya guda da dattijon ya yi: "Mi ya rage, ɗana?"

Da saura da yawa. Mahaifiyar Jabiru ta kai awakinta kasuwa, yayarsa ta cire 'yan kunnenta. Ana gobe kasuwa ya sake ɗora bidiyon, ya zauna yana kallon wayar kamar mai jiran ruwan sama. Saƙon banki kan shigo jefi-jefi, 'yan canji ne kawai. Ya kira wanda yake kiransa, ya roƙa a yi masa ragi, ya haɗa da Allah da Annabi. Aka kashe wayar yana cikin magana. Can da la'asar aka kira shi, aka ce ya kawo abin da ya samu, ya cika da kaya.

Ran kasuwa da hantsi Bilya ya tarar da shi yana ɗaure buhun shinkafa da jarkar fetur a bayan babur, ga katin waya dam a aljihu. Ya yi dariya, ya ce wane irin fim ne wannan da ba kyamara sai abinci, kuma ba a gayyaci jarumi ba? Jabiru ya rungume shi, ya ce ya yafe masa in ya taɓa yi masa laifi.

Ya wuce Yankara, ya sauka daga kwalta, ya bi hanyar gonaki inda dawa ta fi mutum tsawo. Yana tafe yana tuna gargaɗin Malam Harisu tun ranar farko: "Kada ka bari a ji. Suna da kunne a kasuwa, suna da ido a waya. In sun ga ana tara kuɗi da sunan ɗiyata, ninkawa za su yi."

A bakin gonar nan wayarsa ta yi ƙara. Aka ce ya kashe babur, ya ɗaga hannuwansa. Ya ɗaga, ya tsaya yana addu'ar Allah ya sa abin da ya kawo ya isa su fito masa da Suwaibatu, wadda 'yan bindiga suka ɗauke a nan ranar da su biyu suka zo duba wurin ɗaukar fitowar ƙarshe, suka sako shi shi kaɗai ya je ya nemo kuɗin fansarta.