Tukunyar da Ban Lasa Ba

"Baba, ka bar dahuwar mazarƙwaila," in ji likitan, yana kwance madaurin na'urarsa daga cinyata.

Shekara talatin ina kan tukunya a Gubuchi, kuma ba a sauke ko ɗaya sai na ɗanɗana. Gwajin jini ya nuna maiƙo ya yi mini yawa, ni da ko tsokar kirki ba ni da ita. Yau kuma ya ɗora wani abu kamar biro a wuyana, ya ɗaure cinya, babu allura, babu yanka. Wai daga gudun bugun jinina ya gane jijiyoyina sun fara tauri. Zaƙin da nake lasa ne ke zama maiƙo.

Kafin in huta, ƙanina har ya samo mai sayen injin matse rakena.

"Yaya, haƙuri za ka yi. Mai dahuwar da ba ya ɗanɗano ƙonawa zai yi."

"An ce maka na mutu ne?"

Washegari na sha maganina, na hura wuta. Ruwan rake ya yi kauri. Ƙanina ya miƙo mini ludayi, na ture. Na rufe ido, na kasa kunne, har tafasar ta bar ɓararraka ta koma fitar da numfashi ɗaiɗai.

"Sauke."

Shi ya lasa. Ya sake lasa, bai sami abin kushewa ba.

Na ce, "Yaron likitan nan ya san cikin jijiyata bai tsaga ni ba. Ni ne zan kasa sanin tukunyata sai na sa harshe?"