Ƙarfen da Aka Tono a Rafi

"Karanto mani lambar, idona ba ya gani sosai," na ce wa bakaniken.

Ya ci gaba da gurza aksul ɗin da samfefa, dogon ƙarfen nan mai riƙe tayoyin bayan babbar mota. Masu ɗibar yashi ne suka tono shi a wani rafi tsakanin Faskari da Sabuwa. Ina jin labari na hau babur daga Ƙanƙara, ko karyawa ban yi ba.

Na tsuguna, na miƙe, na sake tsugunawa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da ɗana ya fita da motata cikin damina, bai dawo ba. Aka ce an gan shi a Legas, ya sayar da ita. Na yarda, na hana a ambaci sunansa a gidana. Har uwarsa ta rasu tana cewa, "Alhaji, yaron nan ba ɓarawo ba ne."

"Uku, bakwai, ɗaya, shida," in ji bakaniken.

Ni na sayo wa motar aksul, lambarsa tana kaina har yau.

"Baba, saura biyu, tsatsa ta cinye su. In ci gaba?"

Idan ba su dace ba, ɗana ɓarawo ne, amma wataƙila yana raye.

"Tara da huɗu," na ce.

Ya gurza, ya hure, ya dube ni ya gyaɗa kai.

Na fuskanci rafin, na kira sunan ɗana da ƙarfi.