Buzun da Ba Ya Cin Kilishi

Da layi ya zo kansa a ofishin shige da fice, malamin lissafin nan ɗan Indiya ya ƙara jan rawanin aro har ya rufe hanci. Ya daɗe yana koyarwa a Birnin Kebbi, Hausa ta zauna a bakinsa. Ya kuma gaji da biyan kuɗin takardar zama mai tsada, alhali na maƙwabcinsa ɗan Nijar bai kai farashin buhun albasa ba.

"Daga ina ka hito?" in ji jami'in.

"Agadas, ranka ya daɗe."

"Madalla! Can kakata ta hito. Ai ɗan'uwa ba ya tahiya bai ci komi ba."

Ya tura masa ƙunshin kilishi. "Bismilla."

Tun da aka haifi malamin, nama bai taɓa shiga bakinsa ba. Ya dubi kilishi, ya shafa aljihu, ya fara warware rawani.

"Sannu da zuwa, Malam," in ji jami'in. "Tun daga ƙofa na gane takalmanka. Su nika kallo duk ranar da ka sa ni tsallen kwaɗo."