Kwanan Watan Jikin Kwalba

Wannes ya ɗaga ganyen latas, ya sake shi da sauri. Dodon koɗi ne fal a ƙarƙashi, irin tsiraran nan marasa ƙwanso, sun yi ɓul-ɓul suna jan yauƙi kamar majina. Ya goge yatsunsa a wando, ya sake gogewa.

"Sun cinye min rabin lambu," in ji mahaifiyarsa Lutgard ta tagar kicin. "Giya ce maganinsu. A zuba a gwangwani a binne, su bi wari su faɗa. Gobe ka sayo min mai arha, yau Lahadi kantuna a rufe."

Kwanansa huɗu da dawowa ƙauyensu na kusa da garin Halle, bayan shekara tara a Kanada, kuma komai na gidan ƙyama yake ba shi. Can aikinsa ke nan a siton wani babban kanti: ya duba kwanan wata, abin da lokacinsa ya wuce ya jefa bola. Nan kuwa ba a zubar da komai. Cukun da ke firij ya fitar da gashi. Akwai gwangwanin wake da ya tabbata tun kafin ya tafi yake nan.

Amma ba wannan ke cin ransa ba. Mahaifinsa Staf bai yi masa kalma goma ba tun zuwansa. Haka ma suka rabu. Ranar da Wannes ya tafi, wata Asabar a watan Maris, tsohon bai raka shi tasha ba. Ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa ya shige tun safe, ana jiyo ƙarar kwalabe, har mota ta tashi bai fito ba.

"Jira yake ya ga ko za ka kwance jakarka," Lutgard ta faɗa masa jiya.

Da safen nan ya kwance ta. Ya jera kaya a kabad, ya bar ƙofar ɗaki a buɗe don a gani. Staf ya zo wucewa, ya leƙa, ya ɗan tsaya. Sannan ya ɗauki hularsa ya tafi wajen masu tseren tantabaru.

Bayan abincin rana Lutgard ta hau sama ta kishingiɗa. Wannes ya kasa zama. In magana ta gagara, ai aiki zai yi magana. Tsohon zai dawo ya tarar an ceci lambu. Kuma a gida irin wannan, ba zai yiwu a rasa giyar da ta lalace ba.

Ɗakin ƙasa warin rima yake yi. Ya toshe hanci da hannun riga, ya bi ta tsakanin buhunan dankali masu tsiro. Can ƙurya, bayan tsohon keken da ya hau yana yaro, ya ga akwatin katako an lulluɓe shi da bargo. Bargon ne kaɗai abu mai tsabta a wurin.

Kwalaben giya goma sha biyu, a kwance, ba takarda a jikinsu. Rima ta cinye takardun, ya ce a ransa, shi ya sa Baba ya kwafe kwanan watan da alli. Ya karanta: 14-3-15. Ya yi tsaki. Shekara tara da mutuwa, ana ta lulluɓe ta kamar jinjiri.

A lambu ya buɗe ta farko. Toshiyar ta fita da ƙara, wari ya bugi hancinsa, tsami-tsami kamar na garken dawakai. Ruwan ya yi duhu, wani laka-laka na yawo a gindin kwalbar. Ya ɗan taɓa a harshe don ya tabbatar, ya tofar, ya sake tofarwa.

Ya tona ramuka tsakanin kunyoyi, ya binne gwangwanaye, ya cika su. Kwalba shida ta ishe shi. Sauran shidan ya tsiyaye a makwararar ruwa, don kada wata rana tsohon ya sha ya kwanta asibiti.

Yayyafi ya sauko, dodon koɗin suka fito. Kafin ƙarfe biyar gwangwanayen sun fara cika da su. Suna shiga, su kumbura, su yi fari, su taso sama cikin kumfa. Bai kau da ido ba. Tun dawowarsa, sai yau ya yi abin da za a ce ya yi.

Ƙofar lambu ta yi ƙara. Staf ne, ya sa farar rigarsa ta zuwa coci, riƙe da kofunan gilashi biyu da aka wanke har suna ƙyalli.

"Wannes," ya ce. Karo na farko ke nan da ya kira sunansa tun da ya dawo. "Zo mu sauka ƙasa."

"Baba, tsaya ka ga aiki tukuna." Ya nuna gwangwanayen, sannan ya nuna kwalaben da ya jera a gindin katanga. "Ruɓaɓɓiyar giyar nan taka ta yi rana. Ka ga su, sun bugu sun mutu. Don Allah ka riƙa duba kwanan wata, wannan ta shekara tara da lalacewa."

Staf ya dubi kwalaben ɗaya bayan ɗaya, leɓɓansa na ƙirga su. Ya durƙusa ya ɗauki guda, ya kifa ta a kan kofi. Ɗigo biyu suka faɗo.

"Irin wannan ba ta lalacewa, nuna take yi," ya ce a hankali, yana shafa rubutun allin da babban yatsa. "Wannan ranar da ka tafi ce. Ni na ɗura ta da hannuna, na ce ba mai buɗe ta sai ka dawo gida."