Dubu Talatin da Talatin da Ɗaya

Malamin lissafi yana zaune a kan bencin ƙarfe, a ƙofar ɗakin da kwamitin afuwa ke zama, yana rubutu da yatsa a gwiwarsa. Biyu sau uku, sau biyar, sau bakwai, sau sha ɗaya, sau sha uku. A ƙara ɗaya. 30031.

Sunaye sun daɗe da tsere masa. Fuskoki ma haka, kamar allon da aka goge da jiƙaƙƙen tsumma. Amma wannan lamba tana nan daram, don ya san yadda ake gina ta. Lambar fursunan da ya kashe masa mata ce, wanda ya ture ta daga saman matakala shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Yau ake duba ko za a sake shi, wai ya tsufa, wai ba shi da lafiya.

Autarsa ta zauna kusa da shi. Ita ta yi ta zirga-zirga da takardu har aka sa wannan rana. Taushin zuciya gare ta, irin na uwarta.

"Baba, don Allah yau ka yi shiru. Ni zan yi magana."

"Ke dai kin yafe, Auta. Ni ban yafe ba."

Ta sunkuyar da kai. Wani gandiroba ya buɗe ƙofa, ya riƙe tsohon a gwiwar hannu ya shigar da shi. Malam ya yaba da ladabin ma'aikatan wurin.

Mutum uku ne a bayan tebur. Shugabansu ya buɗe fayil, ya karanta lambar, ya tambaya ko akwai mai magana. Auta ta miƙe, amma uban ya riga ta.

"Ranka ya daɗe, shekara talatin ina koyar da lissafi. Raba wannan lamba da biyu, da uku, da biyar, da bakwai, da sha ɗaya, da sha uku, kullum ɗaya ke saura. Sai ka rantse ba ta rabuwa. Ƙarya take yi! Hamsin da tara sau ɗari biyar da tara ce. Haka mai ita yake, lumui a waje, tsaga a ciki. In kun sake shi, wata zai kashe."

"Ka tabbata, Malam?"

"Na san shi. Kada ya fita."

Mutanen uku suka dubi juna. Shugaban ya yi gajeren rubutu, ya rufe fayil. Ba a yi afuwa ba.

Malam ya fito yana murmushi, rabonsa da irin wannan sanyin rai ya manta. Auta ba ta yi kuka ba. Ta durƙusa ta ɗaura masa maɓallin da ya kwance, ta shafe ƙura daga aljihun rigarsa, daidai inda aka ɗinka 30031 da baƙin zare.