Bakin Rawanin Baba

Baba alƙali ne, kuma ya daɗe yana faɗa a wurin karatu cewa hana mata gadon gona al'ada ce, ba shari'a ba. Ranar da ya yanka wa wata mata kasonta a gonar mahaifinta ta Gabukka, bayan la'asar sai ga yayyenta a ƙofar gidanmu na Shamaki, suna dukan ƙyaure da sanduna.

Inna ta ce, "Malam, don girman Allah kada ka fita."

Baba ya tashi tsaye. Ya miƙo mini bakin rawaninsa, ya ce, "Uwata, riƙe da kyau, kada su ga ya karkace."

Yana naɗawa ina sakar masa a hankali, yadin yana ta rawa a hannuna. Na ɗauka ni ce ke karkarwa. Da na ɗaga kai, sai na ga yatsunsa ne.

Ya gama, ya sa takalmi, ya nufi zaure.

Yau ɗalibansa kan ce Malam bai san tsoro ba, raina kuwa ɓaci yake in na ji. Ya san shi sarai, a hannuna na ji shi. Amma ya fita.